Daga Mudun Kasuwar Kurmi zuwa Lambar NAFDAC: Tarihin Kare Haƙƙin Mai Saye a Ƙasar Hausa

Kare haƙƙin mai saye, wato tsarin dokoki da hukumomin da ke hana a cuci mutum a ciniki ko a sayar masa da abin da zai lahanta lafiyarsa, ya daɗe a kasuwannin ƙasar Hausa fiye da yadda sunansa na zamani yake nunawa. Tun kafin a rubuta dokar tarayya ko ɗaya a kan wannan batu, manyan kasuwanni irin na Kano da Katsina da Zariya suna da masu kula da awo, da masu raba gardamar ciniki, da ƙa'idar mayar da kaya idan aka gano aibi a jikinsu. Abin da ya sauya a cikin ƙarni biyu da suka gabata shi ne irin cutar da ake yi wa mai saye, domin algus ɗin da ido ko hanci ko harshe ke iya kamawa ya koma algus ɗin da ba ya bayyana sai a ɗakin gwaji, sannan mai kayan da a da aka san gidansa da unguwarsa ya koma kamfanin da ke wata ƙasa mai nisa.

Tushen tsohon tsarin yana cikin fiƙihun Malikiyya, wanda malaman wannan yanki suka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Mukhtasar na Khalil. Babin ciniki a waɗannan littattafai ya haramta algus, wato gauraya kaya mai kyau da maras kyau ko ɓoye aibinsa, ya kuma haramta najashi, wanda shi ne mutum ya yi ta ƙara taya kaya alhali ba shi da niyyar saye, don kawai ya ruɗi mai saye na gaskiya. An hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, an hana barin nono ya taru a hantsar dabba don ta yi kama da mai yawan tatsa, an kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da ya riga ciniki kuma ba a faɗa masa ba. Jami'in da aka ɗora wa alhakin tsare waɗannan ƙa'idoji a kasuwa shi ake kira muhtasibi, aikinsa kuma hisba, kuma littafin Ahkamus Suƙ na Yahya bn Umar, malamin Malikiyya na Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 901, yana cikin mafi daɗewar rubuce-rubucen da aka keɓe wa wannan fanni.

A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ake jingina wa kafa kasuwar Kurmi, malamin nan Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili ya zauna a Kano ya rubuta wa sarkin jagora a kan sha'anin mulki, daga baya kuma ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Sanwai, waɗanda a cikinsu har da batun masu tauye awo da masu gauraya kayan sayarwa. Ƙarni uku bayan haka, jagororin jihadin 1804 sun sake ɗauko maganar da zafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ha'incin ciniki cikin munanan al'adun da ya yi wa'azi a kansu, a Kitabul Farƙi kuma ya soki abin da masu kula da kasuwa ke karɓa daga hannun 'yan kasuwa ba bisa shari'a ba, har ya ambaci tawasa, wato naman da ake karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa. Wannan suka tana da muhimmanci, domin ta nuna cewa tun a wancan zamani an fahimci mai tsaron kasuwa yana iya zama ɗaya daga cikin masu cutar da ita. Daular Sakkwato ta naɗa muhtasibi, amma a yawancin garuruwa aikin yau da kullum ya ci gaba da zama a hannun tsofaffin sarautun sana'a: sarkin kasuwa, da sarkin pawa mai shugabantar mahauta, da sarkin dillalai, da shugabannin ma'auna hatsi.

Bayani mafi cika da aka samu daga wani baƙo game da yadda tsarin yake gudana ya fito ne daga Hugh Clapperton, matafiyin Birtaniya da ya iso Kano a watan Janairu na 1824. Ya bayyana cewa shugaban kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna yana kuma tsayar da farashin kaya, cewa mai sayarwa kan mayar wa mai saye wani ɗan kaso na kuɗin, kimanin biyu cikin ɗari, kuma ana bin dokokin kasuwar ba sani ba sabo. Abin da ya fi jan hankali a bayaninsa shi ne ƙa'idar cinikin tufafi. Idan aka sayi riga ko turkuɗi a Kano, aka tafi da ƙunshin har Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ba, sannan aka buɗe aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, ana mayar da su Kano, domin a cikin kowane ƙunshi an rubuta sunan dillalin da ya shiga tsakani. Wajibi ne dillalin ya nemo mai kayan, shi kuma mai kayan doka ta tilasta masa ya mayar da kuɗi.

Wannan ƙa'ida ta ƙunshi kusan duk abin da masana shari'ar zamani ke nema a dokar kare mai saye. Akwai alamar da ke bin kaya duk inda suka je, akwai mutum sananne da alhaki ke komawa kansa, akwai kuma magani mai sauƙi da ba ya buƙatar lauya. Dalilin tsananta ta ma a fili yake, domin tufafin rini irin 'yan Kura, masu sheƙin shuni da bugu, ana naɗe su ne a takarda a sayar ba tare da an warware ba, tun da warwarewa tana ɓata sheƙin da ake saye dominsa. Ke nan mai saye yana biyan kuɗi a kan abin da bai gani ba, kuma cinikin ba zai ɗore ba sai da amana mai ƙarfin doka. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta darajar tufafin da garin ke fitarwa waje a shekara da wuri miliyan 300, suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Ghat. Garin da arzikinsa ya dogara ga masu saye na nesa irin haka ba zai yarda dillali ɗaya ya zubar masa da suna ba. La'adar da dillali ke karɓa, a bisa wannan fahimta, ladan lamunin da ya tsaya wa ciniki ce, ba ladan haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai ba.

Bai kamata a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba. Shi dai Clapperton ya ga mahautan Kano suna hura nama don ya yi kumari, suna tsaga shi don kitse ya bayyana, wani lokaci ma suna manna gashin tunkiya a cinyar akuya don a ɗauka naman rago ne. Ya kuma rubuta cewa wanda ya sayi bawa yana iya mayar da shi cikin kwana uku, wanda ya yi daidai da wata sananniyar ƙa'ida ta Malikiyya. Tsarin da ya tsare haƙƙin mai saye da kyau haka shi ne kuma ya lissafa ɗan Adam cikin haja. Awo ma bai taɓa zama ɗaya ba. Mudu da tiya sun bambanta daga gari zuwa gari, kamun da ake auna yadi da shi ya danganta da tsawon hannun mai aunawa, abin da ya rage wa mai saye shi ne idonsa da iya cinikinsa da gyaran da ake ƙara masa a kan awo.

Mulkin mallaka, wanda ya kama Kano da Sakkwato a 1903, ya zo da dokoki iri biyu da ba su haɗu sosai da wannan gado ba. Na farko su ne dokokin Ingila da aka ɗauka suna aiki a Nijeriya kai tsaye, musamman dokar sayar da kaya ta 1893, wadda ta tanadi cewa kaya su dace da yadda aka siffanta su kuma su yi aikin da aka saye su dominsa, amma ta bar wa mai sayarwa damar kuɓuce wa wannan alhaki ta hanyar sharaɗin da ya rubuta a yarjejeniya, sannan kotunan da ke aiki da ita sun yi wa talaka nisa. Na biyu su ne dokokin duba amfanin gona. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanonin Turawa da wakilansu da 'yan baranda suka cika kasuwa, aka shiga zargin juna: manomi yana kukan ana danne masa sikeli, kamfani yana kukan ana zuba masa yashi da tsakuwa a buhu. Gwamnati ta kafa ma'aikatan da ke tantance gyaɗa da auduga kafin a fitar da su, tsarin ya ƙara ƙarfi da kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949 da hukumar ciniki ta Jihar Arewa a 1954. Sai dai wanda wannan tantancewa ta kare shi ne mai matsar mai a Ingila. Abin da ya shafi cikin mutumin gida an bar shi ga En'e, wato hukumar gargajiya, da ma'aikatanta na tsabta da jama'a suka sani da duba-gari, waɗanda ke leƙa mahauta da rumfunan abinci suna ƙwace abin da ya lalace. Tsoffin mutane har yau suna tuna duba-gari da tsoro da girmamawa a haɗe.

Bayan samun 'yanci dokoki sun yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kundin hukunta laifuka na Arewa, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya sanya gurɓata abinci da magani da amfani da ma'aunin ƙarya cikin laifuka. An kafa hukumar tabbatar da ingancin kaya a 1971, wadda yanzu ake kira SON, a 1974 kuma aka yi dokar abinci da magunguna da dokar awo da sikeli. An gwada ƙayyade farashi da dokokin soja na 1970 da 1977, abin da ya fi haifarwa shi ne ɓoye kaya da kasuwar bayan fage.

Shekarun 1980 ne suka fallasa raunin waɗannan tanade-tanade. Faɗuwar farashin man fetur, da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da karyewar darajar naira sun sa asibitocin gwamnati suka rasa magani, maganin kirki ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali, sai shigo da magani ya faɗa hannun 'yan kasuwar da ba su da ilmin harhaɗa shi. Kasuwannin Onica da Aba da Idumota ta Legas da Sabon Garin Kano suka zama cibiyoyin sarin magani, ana tara shi a rumfa cikin zafin rana tare da sauran haja. Dokar soja ta 1988 a kan jabun magunguna ba ta tsayar da abin ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, wani sinadarin masana'antu mai zaƙi da ake amfani da shi a man birki, wanda aka sayar a matsayin sinadarin da ya halatta a narkar da magani a ciki. Yana kashe ƙoda, yaro ya daina fitsari, ya mutu cikin kwanaki. Babu sarkin kasuwa ko dillalin da zai iya gane wannan guba da ido. Irin wannan sinadari ne ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka a 1937, har ya sa aka yi dokar abinci da magunguna ta 1938 a can, kuma a Nijeriya ma sai bayan an binne yara aka yi gyara: dokar soja mai lamba 66 ta 1992 ta kafa majalisar kare haƙƙin masu saye, wadda ba ta fara aiki ba sai 1999, mai lamba 15 ta 1993 kuma ta kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Iyakar ƙasa ma ba ta tsare cutar ba, domin a annobar sanƙarau ta 1995 a Jamhuriyar Nijar an gano cewa wani kaso na allurar rigakafin da ta shiga ƙasar ta hanyar gudummawa daga Nijeriya jabu ne, kuma an ƙiyasta an yi wa mutum kusan 60,000 ita.

NAFDAC ba ta yi tasiri a idon jama'a ba sai da aka naɗa Farfesa Dora Akunyili shugabarta a 2001. Ta ƙona tarin jabun magunguna a bainar jama'a, ta hana shigo da kayan wasu kamfanonin Indiya da Sin, ta matsa wa gidajen burodi su daina zuba sinadarin buromet, a 2007 kuma ta rufe kasuwar magani ta Onica tsawon watanni. An harbi motarta a watan Disamba na 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta, a 2004 kuma aka ƙona wasu gine-ginen hukumar a Legas. Bisa ƙididdigar da hukumar ta bayar, jabun magunguna sun ragu daga kusan kashi 41 cikin ɗari a farkon zamaninta zuwa kusan kashi 16 a 2006. Mafi ɗorewar abin da aka gada daga wancan lokaci shi ne lambar rajista da ake bugawa a jikin kwalin magani da ledar ruwa, wadda aikinta daidai yake da na sunan dillali a cikin ƙunshin turkuɗi, wato ta nuna wanda za a nema idan kaya suka ɓaci. Bambancin shi ne lamba ana iya buga ta ƙarya, shi ya sa a 2010 aka ƙaro tsarin kankare wani ɓoyayyen lamba a aika ta saƙon waya don a tabbatar da sahihancin magani. Rajista kuma ba ta hana masifa aukuwa: a ƙarshen 2008 maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda ke ɗauke da wancan sinadari na 1990, ya kashe yara aƙalla 84, asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka fara lura da su, kuma sai a 2013 kotun tarayya ta yanke wa jami'an kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekara 7.

Ta fuskar neman diyya, kotunan Nijeriya sun bi hukuncin da majalisar dattawan shari'a ta Birtaniya ta yanke a 1932 a shari'ar Donoghue da Stevenson, wanda ya tabbatar da cewa mai ƙera kaya yana da alhakin kulawa ga wanda zai yi amfani da su ko da babu ciniki a tsakaninsu. Amma tabbatar da sakacin kamfani aiki ne mai wuya da tsada. Shari'ar Okwejiminor, ta wani mutum da ya tarar da kyankyaso a cikin lemon kwalba a farkon shekarun 1990, ba ta ƙare a Kotun Ƙoli ba sai 2008. Ya yi nasara, amma mutum nawa ne za su iya jiran fiye da shekara 15 a kan kwalba ɗaya?

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Ta maye gurbin tsohuwar majalisa da hukumar FCCPC, ta kafa kotu ta musamman, ta haramta tallar yaudara da haɗa baki a ƙayyade farashi, ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi, ta wajabta janye kaya masu haɗari daga kasuwa, ta kuma hana mai sayarwa fakewa da sharaɗin da ke soke haƙƙin da doka ta ba mai saye, irin rubutun nan da ake gani a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Hukumar ta nuna tana iya tunkarar manya, domin a 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. A ɓangaren jihohi, dawo da shari'ar Musulunci daga 1999 ya farfaɗo da sunan hisba, Kano ta kafa hukumarta da doka a 2003, amma ƙarfin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga tarbiyya da sasanta aure, alhali asalin aikin muhtasibi a littattafan fiƙihu ya fi yawa a bakin sikeli da mudu. A 2024 an tilasta wa masu sarin magani na Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, inda hukumomi za su iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita.

Inda tsarin ya fi rauni har yanzu shi ne abincin da ake aunawa a buɗe, wanda ba shi da kwali balle lamba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos, wanda ake kira fiya-fiya, da ake zubawa don hana ƙwari cin hatsi a ajiya. Waken da Turai ta ƙi shi ne ake ci a gida ba tare da wani ya gwada ba. A 2021 a Kano mutane sun mutu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, bayan shan lemon haɗi da aka yi da garin da ya lalace da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Ana nunar da ayaba da mangwaro da kabaid, ana buga gindin mudu ya shige ciki don ya ɗauki ƙasa da ƙima. Dokokin da suka haramta duk waɗannan suna nan a rubuce, wasu tun 1960. Abin da babu shi ne ma'aikacin da ke tsaye a kasuwar Dawanau ko ta ƙauye da abin gwaji a hannunsa da ikon hukuntawa nan take, kuma wannan aiki ne da hukumomin tarayya ba su da yawan ma'aikatan da za su iya shi sai jihohi da ƙananan hukumomi da shugabannin kasuwa sun ɗauki kasonsu.